Tambaya Goma a Kafaɗar Bakwai

Muntaka ya bar Onitsha yana ɗan dakon albasa a kasuwar Ose Okwodu, ya yi wata goma sha ɗaya a Fatakwal, ya dawo yana injiniya. Babu wanda ya ga takardar shaida. Kwamfutar dai kowa ya gan ta, domin okada uku aka yi kafin a kawo ta daga tasha: ɗaya ya ɗauki akwatin, ɗaya ya ɗauki gilashin, na ukun ya ɗauki Muntaka rungume da firinta, yana yi wa biyun farko ihu su bi a hankali.

Shekarun nan ne da man fetur ya sake yin daraja, kamfanonin Fatakwal suna canja kwamfuta yadda ake canja riga. Wani ofishin injiniyoyi masu lissafin bututun mai ya fitar da tsoffin nasa, Muntaka ya samu guda. A ofishin ya yi aiki, wannan gaskiya ne. Sashensa shi ne kai shayi da goge tebur. Sai dai in ya kai shayin yakan tsaya a bayan wani injiniya yana kallon yatsunsa, kuma Allah ya ba shi hadda. Abin da ya gani ya riƙe shi tsaf. Abin da bai gani ba kuwa, bai taɓa zargin akwai shi ba.

A lokacin akwai wani shago jikin katangar masallacin unguwa, babu kowa a ciki tun da telan da ke wurin ya koma Coal Camp a Inugu. Shagon na Alhaji Kallamu ne, shugaban 'yan albasa, ɗaya daga cikin dattawan da suka dawo Onitsha bayan yaƙin basasa suka sake kafa komai daga tabarma. Mutum biyu ke neman makullin. Hajiya Kande ta shekara tara tana niƙa tattasai da attaruhu a ƙarƙashin leda a bakin kwata, tana so ta shigar da injinta inuwa kafin damina. Muntaka kuma yana so ya buɗe abin da ya riga ya raɗa wa suna Cibiyar Lissafin Zamani, ya rabu da buhu har abada.

Ranar Laraba bayan la'asar ya kai maganar barandar masallaci, inda ya tabbata kowa zai ji.

"Alhaji, ranka ya daɗe, masu buga takarda a garin nan, daga kasuwar Relief har bakin gada, wasiƙa kawai suka iya. Ce musu su rubuta maka ɗaya bisa uku ka gani. Sai su buga ɗaya, su ɗauki biro su ja layi da hannu. Ni a cikin tawa akwai manhajar lissafi irin ta injiniyoyi. Kuma ba na zama ina neman alama ɗai-ɗai kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Yanke nake bi. Maɓalli biyu, ƙyas, alama ta fito."

Hajiya Kande ta zo kawo niƙan gidan Alhaji ne, ta miƙa, ta kuma ƙi tafiya. Daga bakin barandar ta ce, "Ɗan nan, ba kai ne ka bi yanke da buhun Alhaji Manu ka faɗa kwata ba?"

"Wancan zamanin jahiliyya ne, Hajiya."

"Bara ne."

Alhaji Kallamu bai yi dariya ba. Shi mutum ne da ba ya sayen albasa sai ya matsa ta da yatsa, kuma bai ga dalilin da zai sa ya canja hali a kan kwamfuta ba. Ya aika aka kira Malama Haulatu, mai koyar da lissafi a makarantar unguwa. Haifaffiyar Onitsha ce, in ta fusata da Hausa take farawa, ta ƙarasa da Inyamuranci. Ta ce ranar Asabar ɗalibanta arba'in za su yi jarrabawa, kuma kullum a allo take rubuta tambayoyin, na baya ba sa gani, na gaba ba sa barin a gani.

Alhaji ya ce, "To, shi ke nan. Jibi bayan Juma'a, a cikin shagon, a gaban jama'a. Ka buga mata tambaya goma, ka fitar da takarda arba'in kafin a kira la'asar. In ka yi, makulli naka ne. In ba ka yi ba, na Hajiya ne."

Muntaka ya yi dariya irin ta wanda aka ce ya ɗaga cokali. "Kafin la'asar? Alhaji, kafin liman ya gama gyara rawaninsa."

Ranar Juma'a da aka sallame, rabin sahu bai koma gida ba. Falalu mai gyaran rediyo ya kawo janaretonsa ya ajiye a ƙofa, ya ja waya. Malama Haulatu ta zo da littafin tambayoyinta da rim biyu na takarda da iyayen yara suka saya. Aka sa wa Alhaji kujera a gaba. Hajiya Kande ta zo da tata kujerar, ta kuma zo da igiyar awo, tana auna faɗin ƙofa tun kafin a fara.

Falalu yana jona wayoyi sai ya ɗauko maus, ɗan abin nan mai doguwar igiya da ake ja a kan tebur a nuna wa kwamfuta wuri, a ce mata nan, a ce mata can. Muntaka ya riƙe hannunsa.

"Mutumina, me za ka yi da wannan?"

"Jona shi zan yi."

"Wannan na 'yan koyo ne. Injiniyan da muka yi aiki tare ya shekara bai taɓa shi ba. Mutumin da ya san yanke, hannunsa ba ya barin maɓalli. Ara mini filayarka."

Kafin Falalu ya gane, Muntaka ya datse igiyar, ya ɗaga maus ɗin sama yana lilo don na baya su gani, sannan ya rataye shi a ƙusar da tela yake rataye almakashi. Jama'a suka ɗauki salati.

Falalu ya ce, "Ai da ka bar shi a gefe ma ya isa."

"Bari a gefe na mai niyyar komawa ne."

Ya zauna, ya naɗe hannun riga, ya lanƙwasa yatsu suka yi ƙara. Malama ta buɗe littafi.

"Tambaya ta ɗaya. Bakwai, pawa biyu." Ta juya wajen Alhaji. "Wato a rubuta bakwai, a ɗora mata ƙaramar biyu a kafaɗa."

Muntaka ya buga bakwai. Ya danne maɓallin kwantirol da ɗan yatsa, ya taɓa shida. Wani ɗan akwati ya ɓullo a kafaɗar bakwai, ya sa biyu a ciki. Ta zauna daram, 'yar ƙarama, kamar a littafin makaranta. Aka yi ta masha Allah har waje. Alhaji ya gyaɗa kai. Hajiya Kande ta naɗe igiyar awonta a hankali ta sa a jaka.

"Kwantirol da shida ke nan," in ji Muntaka, bai ko waiwaya ba. "Akwai irinsa talatin da huɗu a kaina. Malama, ci gaba, kada ki tausaya mini."

"A tara da biyar."

Ya buga. Alamar tarawa da biyar suka fito. A kafaɗar bakwai suka fito, kusa da biyun, su ma 'yan ƙanana.

"Malam Muntaka, sauko. Biyar ɗin a ƙasa take."

"Za ta sauko."

"Yaushe?"

"Tana hutawa ne."

A nan ya kamata a faɗi abin da Muntaka bai gani ba. Kowane yanke a manhajar nan akwati yake buɗewa, duk abin da ka buga bayan nan cikin akwatin yake shiga, har sai ka fito. Fitar ma da nata yanken: kwantirol da dogon maɓallin nan na ƙasa. Shi kuwa dogon maɓalli da babban yatsa ake taɓa shi, babban yatsa kuma a ƙarƙashin tafin hannu yake. Wanda ke tsaye a bayan mutum da tiren shayi ba zai taɓa ganinsa ba. Wata goma sha ɗaya Muntaka yana kallon rubutu yana hawa yana sauka, ya yanke a ransa cewa hawan ne ke bukatar ilimi, saukar kuwa in rubutu ya gama abin da yake yi a sama da kansa yake saukowa.

Saboda haka ya harɗe hannu, aka zauna ana jiran biyar. Aka yi minti guda. Wani a baya ya yi tari.

"A Fatakwal ba ta daɗewa haka," in ji Muntaka. "Canjin iska ne."

Falalu ya leƙo ta kafaɗarsa. "Taɓa maɓallan nan masu kibiya mana."

Muntaka ya taɓa. Babu abin da ya motsa. Maɓallan huɗu sun daɗe da mutuwa, tun ranar da wani ma'aikacin sashen shayi ya ɓarar da kofi guda a kansu, abin da ya sa ofishin ya fara tunanin rabuwa da kwamfutar ke nan. Muntaka bai ga amfanin kawo wannan tarihin ba.

"Kibiya ta maharba ce," ya ce. "Malama, mu je. A ƙarshe duk tare za su sauko, ya fi sauƙi."

Malama ta dube shi, ta dubi Alhaji, ta karanta tambaya ta biyu: uku bisa huɗu. Muntaka ya danne kwantirol da karkataccen layi. Nan take layi ya shimfiɗu, akwati sama, akwati ƙasa. Kyakkyawan aiki ne, ba a ja. Illarsa ɗaya, a kafaɗar bakwai aka yi shi. Ya sa uku a sama, ya sa huɗu a ƙasa, daga nan kuma duk abin da ya biyo baya ya ci gaba da shiga ƙasan, layin yana ta tsawo don ya rufe su.

"Ikon Allah," in ji Hajiya Kande. "Ya gina bene a kafaɗar baiwar Allah, yana zuba 'yan haya."

Tambaya ta uku tana da sukwaya rut, alamar nan mai kama da rumfa da lamba a ƙarƙashinta. Kwantirol da biyu. Rumfa ta tashi a ƙasan benen. Tambaya ta huɗu ta shiga rumfar ta zauna, ita ma da tata pawar, saboda haka aka sake hawa wata kafaɗar a cikin rumfar. Kowane hawa kuma rubutun sai ya ƙara ƙanƙancewa.

Alhaji Kallamu ya sa tabarau, ya matso da kujera. "Wannan rumfar da izinin wa aka kafa ta?"

"Tsari ne, ranka ya daɗe. Haka injiniyoyi ke rubutu. Ka ga takarda ba za ta ɓaci ba."

"Ni ba na ganin komai."

"To ka ga fa'idar. In kai da kake gaba ba ka gani, wane yaro ne zai leƙa takardar ɗan'uwansa? Satar amsa ta ƙare a makarantar nan."

"Har da amsar ma ta ƙare," in ji Malama.

A tambaya ta shida Falalu ya ruga shagonsa ya ɗauko gilashin da yake duba cikin rediyo da shi, ya maƙala a ido, ya manna fuska a jikin kwamfutar. Daga nan shi ya zama mai ba da labari, kamar mai kallon wata.

"Na ga wani abu."

"Mene ne?" aka tambaya daga baya.

"Ko takwas ce, ko ƙuda ne ya yi aikinsa."

Ya goge wurin da hannun riga. "Takwas ce."

Tambaya ta bakwai ta da'ira ce, tana bukatar alamar fai. Nan Muntaka ya miƙe zaune, domin wannan ne yanken da ya fi so. Ya ce kowa ya kalli hannunsa. Ya taɓa maɓallin kusurwa na can sama, ya buga harafi ɗaya, ya sake taɓa na kusurwar, ya ɗaga hannu sama kamar mai kiɗa ya kai ƙarshen take.

"Ga ta nan. Harafin Girkanci. Babu mai fitar da shi a duk Onitsha."

Aka zuba wa wurin da ya nuna ido.

"Falalu, gaya musu."

"Ban gan ta ba."

"Tana nan. Ku yarda da ni, ban taɓa yin mai kyanta ba."

Malama Haulatu ta rufe littafinta. "Malam Muntaka, goge ka sake. Wannan ba takardar jarrabawa ba ce."

"A'a, Malama, ba a goge aikin da ya kai nan. Abin da ya rage a taimaka musu su sauko."

Ya kira majiya ƙarfi biyu daga cikin 'yan dako, tsoffin abokan aikinsa, ya ce su ɗaga gilashin su karkata shi dama. Suka ɗaga, suka karkata. Rubutun bai zame ba. Ya ce su girgiza. Suka girgiza yadda suke yi wa buhu in ana so ya ci ƙari. Falalu ya ce shi a sana'arsa mari ne maganin irin wannan, ya kai wa akwatin guda ɗaya a gefe. Gilashin ya yi kore, ya dawo. Bakwai tana nan tsaye da kayanta.

"Injiniya," in ji Hajiya Kande, "a aiko maka da tsani?"

"Hajiya, wannan ba attaruhu ba ne."

"Na sani. Attaruhu in na zuba ta sama, ta ƙasa yake fita."

Ana cikin haka Oga Emeka mai kemis na tsallaken titi ya kutso, ya ga taro ya zaci faɗa ake. Ya leƙa, aka yi masa bayani. Ya ce ai ƙanensa yana da irin wannan shagon a Inugu, in rubutu ya maƙale a wani wuri, maus kawai yake ja ya taɓa waje, shi ke nan.

"Where una mouse?" ya tambaya, wato ina naku maus ɗin.

 Kawuna sittin suka juya tare zuwa ga ƙusar tela. Oga Emeka ya dubi maus ɗin da guntuwar igiyarsa, ya ce "Chineke," ya nemi wuri ya zauna. Kemis ya jira.

Alhaji ya ce a ɗinke shi. Muntaka ya ce shi dai bai nema ba, amma ba zai hana dattijo abin da yake so ba. Falalu ya fere igiyar, ya tarar da siraran wayoyi huɗu a kowane ɓari, ya haɗa su bisa ra'ayi, ya naɗe da salatif, ya jona. Wata 'yar kibiya ta bayyana a gilashi. Ya ja dama, ta yi sama. Ya ja ƙasa, ta yi hagu. Ya sake ta, ta tafi da kanta can kusurwa ta tsaya tana rawar ɗari, ba ta sake fitowa ba.

"Kun gani?" in ji Muntaka. "Abin da na ce ke nan. Ba abin dogaro ba ne."

Ladan yana cikin taron, ya dubi agogonsa a fili, don a gan shi yana dubawa. Muntaka ya gani. Ya karɓe littafin daga hannun Malama, ya buga tambaya ta takwas da ta tara da ta goma a guje, yatsu na tashi, bene cikin rumfa, rumfa cikin bene. Falalu ya cire gilashinsa ya ce shi daga nan ilminsa ya ƙare. A fuskar kwamfutar babu abin da ido ke kamawa sai bakwai guda, ƙatuwa, da wani abu kamar hayaƙi yana tashi daga kafaɗarta.

Muntaka ya share gumi. "Jama'a, saura babban yanke. Shi ne na ƙarshe. Duk ranar Allah injiniya yana gama aiki shi yake bugawa, ya kishingiɗa, ya ce a kawo shayi. Shi ke daidaita komai."

Ya danne maɓallin shif, ya buga na enta da ƙarfi, ya kishingiɗa. Saura kaɗan ya ce a kawo shayi.

Gaskiya ne injiniya yana buga wannan a ƙarshe. Ma'anarsa ita ce: na gama rubuta tambaya, ki lissafa. Ita kuwa kwamfuta ba ta san da jarrabawa ba, ba ta san da yara arba'in ba. Abin da ta gani shi ne bakwai da aka ɗora wa duniya a kafaɗa, aka ce a ninka ta. Kalmomin ta ajiye su gefe, lambobin ta kama. Fankar cikinta ta fara gurnani. Janareton Falalu ya canja murya. Na kusa da ƙofa suka fara neman takalmansu.

Sai ga lambobi. Manya, baƙaƙe, kowa na gani, suka cika gilashin daga sama har ƙasa, suka ci gaba da gudu.

Muntaka ya yi tsalle. "Sun sauko! Ban gaya muku ba? Duk tare!"

Kafin Malama ta buɗe baki ya danne kwantirol da harafin bugawa. Yara arba'in ne, saboda haka sau arba'in ya buga, yana ƙirgawa da ƙarfi, wasu a baya suna taya shi. Firinta ta yi kaki, ta ja takarda.

Malama ta ɗauki ta farko. Lambobi ne, layi bayan layi, babu tazara, babu waƙafi. Ta ɗauki ta biyu. Ta ɗauki ta tara.

"Ina tambayoyina?"

"Suna baya. Wannan gabatarwa ce."

Takardar da ke cikin firinta ta ƙare, ya ƙara mata. Ta sake ƙarewa, ya sake ƙarawa, kowane karo yana cewa yanzu za su fito. Takardu suka cika tebur suka zubo ƙasa. Iskar ƙofa ta kwashi wasu ta yi titi da su, wani ɗan okada ya taka birki ya yi zagi da yare uku. Oga Emeka ya kama guda yana neman lambar wayarsa a ciki, ya ce ya samu rabi. Wani tsoho ya ninke tasa ya sa a aljihu, ya ce abin da ya fito ranar Juma'a ba a barinsa a ƙasa.

Alhaji ya ce, "Tsayar da ita."

Muntaka ya dubi maɓallan. Talatin da huɗu ne a kansa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya a zuci. Babu na tsayarwa. Injiniya bai taɓa tsayar da komai a gabansa ba, domin lokacin yana can yana wanke kofi.

"Ranka ya daɗe, ba a katse ta tana magana."

"In kashe janareto?" in ji Falalu.

"Kada ka kuskura! Za ta manta inda ta tsaya!"

Rim na farko ya ƙare ƙaf. Firinta ta fara kuka tana ƙyafta jar fitila. Muntaka ya juya zai ɗauki na biyu, ya tarar Malama Haulatu ta ɗora shi a kan benci ta zauna a kai, ta gyara mayafi. Abin da ta faɗa masa da Hausa ta fara shi. Oga Emeka ne kaɗai ya ji ƙarshen, ya kuma ƙi fassarawa.

A daidai nan ladan ya fita, ya yi gyaran murya, ya kira la'asar.

Bayan salla aka dawo baranda. An tattaro takardun an tara a gaban Alhaji Kallamu, tsibi guda, wasu da sawun taya. Ya matsa tsibin da yatsa.

"Malama, mene ne wannan?"

"Amsa ce, Alhaji."

"Amsar me?"

"Amsar abin da ya rubuta. Ya mayar da tambaya goma tambaya ɗaya, ita kuma ta amsa masa."

"Daidai ne amsar?"

Malama ba ta saba faɗin abin da ba ta duba ba. "Ban sani ba. Sai na lissafa da hannu na gwada. In na bar koyarwa, na bar girki, na bar zuwa suna da biki, zan iya gamawa cikin shekara talatin, in ban yi kuskure a hanya ba. Kuma ban tabbata ta kai ƙarshe ba, takarda ce ta ƙare."

Muntaka, wanda tun da aka idar da salla yake zaune kamar an jiƙa shi, ya miƙe zumbur.

"Jama'a, kun ji da kunnenku! Malama da bakinta ba ta ce ba daidai ba ne! Alhaji, ranka ya daɗe, a ina aka taɓa kayar da mutum kafin a duba takardarsa? An ce in fitar da takarda arba'in, na fitar da ɗari biyar. An ce in buga tambaya, na haɗa har da amsa. In akwai adalci a garin nan, a jira Malama ta gama."

Wasu suka fara dariya, Alhaji ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Gaskiyarka, Muntaka. Ni ba zan zalunce ka ba. Ba a yanke wa mutum hukunci kafin a duba aikinsa." Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin. "Ranar da Malama ta gama, in ta ce daidai ne, ka zo ka same ni ko ka sami magadana, shago naka ne. Kafin nan ba za a bar shi a rufe ba, Hajiya za ta riƙe maka. Kai ma ba za ka zauna haka ba, akwai motar albasa biyu da za su iso daga Aliero ranar Litinin, ka zo da wuri."

Muntaka ya buɗe baki, ya duba maganar ta kowane gefe, bai sami inda aka cuce shi ba. Ya ce ya gode.

Hajiya Kande ta karɓi makullin da hannu biyu, ta ɗaure shi a gefen zane, ta ƙulla sau uku. Sannan ta kwashi tsibin takardun, ta daidaita bakinsu da kyau, ta ɗora wa Malama Haulatu a hannu.

"'Yata, ki duba a tsanake," ta ce. "In kin yi shakka a wani wuri, ki koma farko. Kada ki yi wa yaron nan gaggawa."